Koren Ido a Ƙarƙashin Kujera

Mun bar Bankuba da tsakar dare,
sa'a goma sha uku kafin Manila,
teku a ƙasa, baƙi wuluk.
Jibi za a binne mahaifina a Batangas.
Ni ne babban ɗa, ni zan tsaya a coci in yi magana,
ban kuwa rubuta komai ba sai sunansa:
Eusebio.

Batirin kwamfutata saura kashi tara.

Na duƙa, goshina na gugar bayan kujerar gaba,
ina lalube kamar mai neman allura a duhu.
Na taɓo takalmin wani, na taɓo ledar biskit,
can yatsana ya faɗa ramukan soket.
Na soka fulogi.
Ɗan koren haske ya kama, bai fi idon ƙadangare ba.
Na ce madalla.
Na rubuta: "Mahaifina mutum ne mai"
sai idon ya rufe.

Na zare, na mayar. Ya kama, ya mutu.
Na zare, na hura masa iska kamar garwashi,
na mayar.
Saura kashi bakwai.

Ma'aikaciyar jirgi, Marisol a rubuce a ƙirjinta,
ta tsuguna, ta haska da 'yar tocila.
Ta ce, "Cajarka ce ta cika haɗama.
Abin da take nema ya fi ƙarfin kujerar,
da ta zuƙa da ƙarfi, sai soket ya tsuke baki.
Ba rowa jirgin yake yi ba, gobara yake tsoro."
Ta tura keken shayinta ta yi gaba.

Tsohuwar da ke gefena, Aling Perpetua,
da tun tashinmu carbi take ja, ko uffan ba ta ce ba,
ta ce, "Rufe ta mana.
Haka jikana ke yi. In tana barci, kaɗan take sha."

Na rufe murfin.
Koren ido ya buɗe, bai sake ƙiftawa ba.

Na zauna hannu rabbana.
An kashe fitilu, mutum ɗari uku na numfashi,
injin na gurnani a ƙarƙashin tafin ƙafata.
A nan ne ya zo mini:
shekara arba'in yana hawan turakun lantarki,
filaya a aljihun baya,
baƙin salatif naɗe a babban yatsa.
Ina ɗan shekara goma na haɗa dutsen guga,
tukunyar shinkafa da fanka a waya guda,
ranar bikin ƙanwata Luningning,
gida ya yi ɗif, baƙi na dariya a duhu.
Bai doke ni ba.
Ya ba ni kyandir, ya ja ni gaban akwatin fis,
ya ɗora mini wata siririyar waya a tafin hannu,
ƙonanniya, da sauran ɗuminta.
Ya ce, "Wannan ce ta tsinke don kada gidan ya ci wuta.
Yi mata godiya."
Na yi mata, da majina a hancina.

"Kina da biro?"
Aling Perpetua ta zazzage jaka,
man zafi, alawa, hoton wani jariri,
ta miƙo mini ɗaya mai cizajjen kai.
Na zaro jakar takardar nan da ake ajiyewa don masu amai,
na shimfiɗa ta a kan murfin kwamfutar.
Na cika gaba, na cika baya,
na farke gefen na shiga ciki.

Da muka gota Japan na leƙa ƙasa.
Yana nan, kore, yana shayar da mai barci
da ɗan abin da yake iyawa.
Ban buɗe ta ba.

Wajen sauka aka yanke wutar kujeru.
Na naɗe waya a hannu, zagaye bisa zagaye,
yadda ya koya mini, kada ta karye daga ciki.
Na mayar wa tsohuwa bironta,
ta ce in riƙe, tana da wani.